Kajinsa Sun Ƙoshi, Ƙafar Inna Na Ruɓewa

Akwai wani mutum da ake kira Mai Kaji. Yana da kaji masu ƙwai kusan dubu biyu a bayan gidansa, kuma da sikeli yake auna abincinsu. Idan kaza ɗaya ta yi laushi da safe, kafin azahar ya gano abin da ya ragu a abincin.

Mahaifiyarsa, Inna, tana ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Haƙoranta sun zube shekara uku da suka wuce. Nama ya gagare ta, kifi kuma tana tsoron ƙaya. Sai mutanen gida suka sauƙaƙa wa kansu: shayi da biredi da safe, farar shinkafa da rana, shayi da biredi da yamma. Ita kuwa ba mai ƙorafi ba ce.

Wata rana ƙusa ta yanke ta a babban yatsan ƙafa. Ciwon da ya kamata ya kame cikin mako guda, ya yi wata biyu yana ruwa. Ga tari, ga mura da ba ta tafiya. Mai Kaji ya yi ta kwaso magani daga kemis yana jibgewa a kan tagarta.

Ranar da ƙanwarsa Auta ta zo gaishe ta, tun daga bakin ƙofa wari ya tare ta. Ta ɗaga zanen da ke rufe da ƙafar, ta saki salati.

"Yaya, kana cikin gidan nan ƙafar Inna ta zama haka?"

"Ke, kada ki ɗaga min murya. Dubi taga, wane magani ne ban sayo ba? Tsufa ne kawai."

"Tsufa ne ke wari? Wallahi ko ka ɗauko mota, ko in goya ta."

A asibiti likita ta gwada jinin Inna. Babu ciwon suga, amma jinin ya yi ƙasa. Ta kama damtsenta, fata ce kawai a kan ƙashi. Ta juya ga Mai Kaji.

"Malam, an ce kaji kake kiwo. Me kake ba su?"

Nan take ya gyara zama. "Masara, waken suya, garin kifi, garin ƙashi, da bitamin a ruwan sha. Ai likita, kazar da ka bari da masara zalla, cutar farko da ta shigo ita za ta fara kwashewa."

"Madalla. To, Inna fa, me take ci?"

Auta ce ta lissafa, tana hawaye.

Likita ta ajiye biro. "Ka san wannan a kan kaza, ba ka san shi a kan wadda ta haife ka ba? Garkuwar jiki da abinci ake gina ta. Furotin, irin na ƙwai da wake da nama, shi ke ɗinke ciwo, shi ne jiki ke ƙera mayaƙansa da shi. Bitamin na ganye da 'ya'yan itace su ne ke ƙarfafa su. Magani taimako yake kawowa, amma wa zai taimaka wa idan jikin ba shi da abin yaƙi? Ƙafar za mu yi ƙoƙari. Yatsan kam ya riga ya tafi."

Aka cire yatsan. Ƙafar ta tsira da ƙyar.

Ranar da aka sallame su, Mai Kaji da kansa ya shiga kicin. Ya dafa ƙwai biyu ya marmashe, ya dama wake ya yi laushi, ya matse lemo a kofi. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa da tire.

Inna ta daɗe tana kallon ƙwan, sannan ta ɗago.

"Ashe kajin naka suna yin ƙwai? Ni na ɗauka kuka kawai suka iya."

Auta ta yi dariya. Shi bai iya ba.

Darasi: Cika ciki daban, ciyar da jiki daban. Tsohon da ya yi shiru ba ƙoshi ya yi ba, kunya ce. Yau ku leƙa kwanon iyayenku ku ga abin da ke ciki, sannan ku tura wannan ga duk wanda yake da tsoho a gida.