Gonar Tudu da Gonar Fadama

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin kogi, mahaifinsa ya rasu ya bar masa gonaki biyu. Haka mutanen garin suke raba gado tun kakanni: kowane ɗa a yanka masa yanki a tudu, a yanka masa wani a fadama. A tudu yakan shuka gero, a fadama shinkafa.

Gonakin nan kuwa ba sa tafiya tare. In damina ta yi ruwa da yawa, gero ya yi kyau, kogi kuma ya hau ya cinye shinkafar. In ruwa ya yi ƙaranci, geron ya bushe a tsaye, shinkafar ta sha laimar fadama ta cika. Da wuya ka ga shekarar da duka biyun suka lalace, da wuya kuma ka ga wadda duka biyun suka yi albarka. Gidansa bai taɓa rasa tuwo ba, rumbunsa kuma bai taɓa cika ba.

Rabin rumbun nan shi ya hana mutumin sakat. Yana tsaye a gonar da ta yi kyau, hankalinsa na can wajen wadda ta lalace. Ya hau tudu, ya gangara fadama, ya sake hawa, wuni guda bai nome kunya ɗaya ba. In hadari ya haɗu sai ya rasa addu'ar da zai yi, ya roƙi ruwa ne ko ya roƙi a ɗauke shi.

Matarsa Tabita ta ce, "Baban Ayuba, don Allah ka zauna ka ci abincin nan. Ka taɓa ganin tukunyata ta huta?"

Ya ce, "Ci kaɗai? Ke ba kya gajiya da rabi-rabi? Ni dai sai na ga duk abin da na shuka ya yi a shekara ɗaya."

Sai ya tafi wurin maƙwabcinsa Barnaba, wanda gonarsa ta fadama take manne da tasa, ya ce su yi musaya. Barnaba ya fara tsufa, gwiwoyinsa sun gaji da taɓo, ya yarda. Mutumin ya haɗa fadama biyu, Barnaba ya haɗa tudu biyu. Dattawa suka girgiza kai, ba wanda ya saurare su.

Da damina ta zo aka yi ƙarancin ruwa. Shinkafar mutumin ta yi irin yin da ba a taɓa gani ba, ya cika rumbu, ya sayar da sauran ga 'yan kasuwa. Geron Barnaba kuwa ya ƙone gaba ɗaya. Ya zo ya yi sallama, ya ce, "Ɗan'uwa, ka taimaka mini da ko buhu ɗaya, jikoki na gida."

Mutumin ya ce, "Ai da bakinka ka zaɓi tudu. Ni ma ina da baki da yawa a gida."

Kuna tsammani ya sami hutu? Ko kusa. Dā tsakanin gonaki biyu yake kai da kawowa, yanzu kuwa kullum yana bakin kogi yana duban inda ruwa ya kai.

A shekara ta gaba sama ta buɗe. Kogi ya hau, bai kuma tambayi wace gona ce ta gado wace ce ta musaya ba, ya shanye su tare. Mutumin ya ɗaga kai ya hango tudu, geron Barnaba ya yi zangarniya har yana sunkuyawa.

Da rumbu ya ƙare, ya riƙa zuwa kusa da ƙofar Barnaba yana juyowa. Ran nan Tabita ta miƙa masa buhu, ta ce, "Baban Ayuba, kunyarka ba za ta dafu in ba yara ba. Ka je."

Ya je, ya tsaya a ƙofar Barnaba da buhun a hannu. Barnaba ya dube shi, ya dubi buhun, ya ce, "Bara ni ne, bana kai ne. Riƙe bakin buhun da kyau."

Ma'anar wannan misali ita ce, gonakin nan biyu mu ne, ni da ku. Cikin jinƙansa Allah bai sa damina ɗaya ta faɗo mana duka a lokaci ɗaya ba. Shekarar da wani yake jinya, wani yana da ƙarfi. Ranar da bangaskiyar wannan ta yi sanyi, ta wancan tana ci. Shi ya sa da wuya ikkilisiya ta fāɗi gaba ɗaya, shi ya sa kuma da wuya mu yi dariya gaba ɗaya. Mu kuwa muna gunaguni a kan na biyun, muna mance na farkon. Muna neman masu kama da mu kaɗai, sana'a ɗaya, hali ɗaya, ƙarfi ɗaya, ba ma lura cewa abin da ya tashi tare, tare yake nutsewa.

Abin yana damuna ƙwarai in na ga mai wadata a cikinmu yana kauce wa wanda shekara ta juya wa baya. Ɗan'uwana, in rumbunka ya cika bana, an cika shi ne domin wanda nasa ya zama wofi. Kada ka sallame shi hannu banza, gama ƙofarsa za ka ƙwanƙwasa baɗi.