Jan Tsumma a Garkar Iya Tabawa

An ce a wani zamani mai nisa, tun dabbobi ba su gaji da mu sun daina yi mana magana ba, an yi wani magajin gari a Ƙwarin Dinya ana ce masa Mantau. Mutum ne mai son tsabta da tsari, har in ya ga kara ɗaya ya karkace a dangar wani, ba ya iya wucewa sai ya tsaya ya gyara. Ga shi kuma da tambaya. Duk abin da ya gani sai ya ji dalilinsa, har wasu sukan sake hanya in sun hango shi tafe.

Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tana da garka a bayan gida, ɗan lambu ne da aka zagaye da dangar kara. A ciki take shuka yakuwa da rama da gauta da barkono. Kabewa na hawa danga, lalle na kusurwa, ga kuma wasu furanni ja da rawaya da ta roƙi irinsu wurin fatake don kawai ta riƙa gani tana jin daɗi. Amma abin da aka san garkar da shi kuɓewa ce, wata doguwa mai lanƙwasa da ake kira ƙahon barewa, wadda ta ɓace a ko'ina sai a nan. Mantau ya shekara arba'in da biyar yana shan miyarta, kuma duk tambayarsa bai taɓa tambayar yadda take dawowa kowace damina ba. Haka maza suke. Sun san ranar da gishiri ya yi yawa a miya, iyakar iliminsu ke nan.

Iya Tabawa ta rasu ruwa na gab da ɗaukewa. Kafin a ankara kaka ta shigo, saura kwana uku a yi sadakar arba'in, mata suka ce suna neman fili a bayan gida inda za su kafa murhu. Mantau ya leƙa garka, ransa ya ɓaci. Ganye ya yi rawaya ya zube, furanni sun bushe a kan karansu, kuɓewa ta tsufa ta ƙeƙashe. Ya ji kunya ƙwarai a ce baƙi su zo su tarar da wurin Iya haka, kamar ba ta bar ɗa a duniya ba. Ya hana barori shiga, ya ce wannan aikin da hannunsa zai yi. Tun da sassafe ya tuɓe babbar riga ya ɗauki fartanya, ya tuttuge, ya share, ya jibga komai a kan wani tsohon tarin ganye da ke gindin danga. Da hantsi ya je madafa ya ɗebo garwashi a kasko don ya ƙona tarin.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Yana cikin tuge kuɓewa ya ga wasu 'ya'yanta an ɗaura musu jan tsumma a wuya, kuma duk manyan ne, waɗanda aka bari suka bushe ba a ci ba. Iya ba ta da camfi, ba ta kuma da ɓarna, ko ƙwayar gero ta gani a ƙasa sai ta tsince. To, me ya sa ta bar mafi kyawun kuɓewarta ta lalace, har da yi mata ado? Ya tsaya da kasko a hannu yana juya abin a ransa.

Sai ya ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin tarin: "Allah ya ja zamanin Magaji. In ba damuwa, a ɗan ajiye kaskon nan gefe."

Ya duba, sai ga wata tsohuwar bushiya ta leƙo, ido duk barci. Ta ce shekararta shida a garkar nan tana cin tsutsa da gara, Iya na zuba mata ruwa a sakaina, suna hira.

Mantau ko mamaki bai tsaya yi ba, tambaya ta riga. Ya ce, "Tunda kin zauna da Iya, gaya mini, mene ne wannan jan tsumma?"

Bushiya ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Amma in na faɗa maka da baki ɗaya, za ka ce to, ka zuba wuta, ni da gidana mu tafi. Gara ka ji shi yadda Nomau ya ji shi."

"Wane ne Nomau?"

Bushiya ta ga ya ajiye kasko ya zauna a kan wani turmi da ke kife, sai ta gyara murya ta ce:

"A garin Gangaren Kuka an yi wani mutum ana ce masa Nomau, ya roƙi irin ƙahon barewa wurin wata tsohuwa, Gwaggo Delu, ta ba shi cikin tafi. Ya shuka, ta yi kyau har maƙwabta na leƙowa ta danga. Kowace safiya sai ya shiga ya zaɓi manya ya kai wa matarsa, yana cewa wanda ya sha wahalar noma shi ya kamata ya ci mai kyau. In kaka ta yi, 'yan ƙananan da suka rage a saman kara, waɗanda ba wanda ya kula su, su yake ɓarewa ya ajiye iri. Shekara ta biyu kuɓewa ta ɗan rage tsawo, bai lura ba. Ta huɗu ya lura. A ta bakwai kuwa ba ta fi ɗan yatsa ba. Ya ce ƙasa ce ta gaji, ya sake wuri. Ya ce takin awaki ne, ya koma na shanu. Daga ƙarshe ya ce bakin mutane ne, ya daina gaisawa da maƙwabcinsa.

"Da abin ya ishe shi sai ya tafi wurin Gwaggo Delu. Ya tarar da garkarta a hargitse kamar yadda ka tarar da wannan, ganye a zube, manyan kuɓewa a bushe da jan tsumma a wuya. Ya ce, 'Gwaggo, irin da kika ba ni ya lalace.' Ta ce, 'Wacce kake ci, wacce kake ajiyewa?' Ya gaya mata. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, 'Ɗan nan, ka cinye masu ƙarfi ka bar ragwaye su haifa maka, sannan ka zo kana zargin taki? Ta farko, wadda ta fi kowacce kyau, wadda ranka ya fi biyawa, ita ce ba a ci.'

"Nomau ya sunkuyar da kai, ya ce, 'Na ji. Amma tsumman fa? Ai ina da ido, zan gane wadda na bari.' Ta ce, 'Kana da ido, amma ba kai kaɗai ne mai hannu a gidanka ba. Zauna ka ji abin da ya faru tsakanin kakata Kande da mijinta Jatau.' Ya zauna, ta ce:

"'Shekarar da fari ya kore su daga gabas, Kande ba ta fito da komai ba sai ƙwayar kuɓewa tara a ƙulle a bakin zanenta. Suka sauka a nan, ta shuka, uku suka tsiro. Da suka yi 'ya'ya ta zaɓi manya biyar ta bar su don iri, ba ta gaya wa kowa ba, don a ganinta duk mai hankali ya san wannan. Ana gab da kaka masassara ta kwantar da ita, ta kwana biyar ba ta sa komai a ciki ba. Rana ta shida ta ce, ba da nufin komai ba, da ma ta sami miyar kuɓewa. Jatau, wanda bai taɓa hura wuta ba tunda aka haife shi, ya miƙe ya shiga garka. Ya ga ƙanana ya wuce su, ya ce matarsa ba za ta ci ragowa ba. Ya tsinke manyan nan, da suka ƙi yankuwa ya daka su a turmi, ya dafa, ya kawo yana murna.

"'Kande na ganin miyar ta gane. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga yatsunsa duk ƙuna. Ta fasa, ta shanye miyar nan tas, mai zare-zare da ita, ta ce ta gode. Da ya fita sai ta rarrafa zuwa garka tana kuka. Ta ɗaga ganye, ta ɗaga ganye, sai ga ɗaya can ƙasa da idonsa bai kai ba. Nan take ta yagi bakin jan zanenta ta ɗaura mata. Jatau ya dawo ya same ta zaune a ƙasa, ya ce, ke, wannan na hana ɓarawo ne? Ta ce, Maigida, ɓarawo ba ya jin maganar tsumma. Na ɗaura ne don mai ƙaunata.'

"Gwaggo Delu ta ce wa Nomau, 'Duk ƙahon barewar da ka taɓa ci daga wannan guda ɗayar ta fito.' Ta sake ba shi iri, ta haɗa masa da ƙyalle. Ya koma gida, ya fara da zuwa gaishe da maƙwabcinsa."

Nan bushiya ta kai ƙarshen labarin, sannan ta ce, "Nomau da kwaɗayi ya ɓata irinsa, kuma sai da ya shekara bakwai yana yi. Jatau da ƙauna ya kusa ƙarar da shi, a safiya ɗaya. Ni kuwa, ranka ya daɗe, tun da safe nake kallonka, ban ga kwaɗayi a tare da kai ba."

Mantau ya dubi tarin, ya dubi kasko. Ya ce, "Amma ai akwai wani irin a ɗaki. Na san goran da Iya ke ratayewa a madafa."

"Je ka girgiza shi. Ta juye shi kaf ta shuka da ruwan farko, kamar yadda take yi kowace shekara. Zuriyar Nomau sun bar noma, garkar Delu ta zama turken jakai. Daga hannun Delu irin ya zo hannun kakarka, daga nan ya zo hannun Iya. Abin da ya rage a duniya yana nan a kaina, kai kuma ka kawo wuta."

Amma mai hali ba ya rasa tambaya ko a cikin baƙin ciki. Mantau ya ce, "Na ga wasu an ɗaura su sama, daidai ƙirjina, wasu kuma can ƙasa kusa da gwiwa. Me ya sa?"

Bushiya ta ce, "Na saman tana tsaye ta ɗaura su. Na ƙasan kuwa a makonta na ƙarshe ne, tana zaune a kan turmin da kake kai, tana jan shi daga gindi zuwa gindi. Na ce, Iya, ai kin ɗaura isassu, ki je ki kwanta. Ta ce, 'Ba ki san Mantau ba. In na tafi zai shigo da tsintsiya, don ba zai so a ga wurina da datti ba. Amma yaron akwai tambaya. In ja ya yi yawa a idonsa, ba zai iya ƙonawa bai tambaya ba.'"

Nan Mantau ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, don ranar idon jama'a na kansa. Ya tashi ya kwara wa garwashi ruwan sakainar bushiya, ya durƙusa ya shiga warware tarin da hannu, kara ɗaya bayan ɗaya. Ƙaiƙayin kuɓewa ya cinye masa hannu har gwiwa, bai kula ba. Duk wadda ya samu mai jan tsumma sai ya kai kunne ya girgiza, ya ji ƙwaya na kaɗawa a ciki, ya ajiye a kan babbar rigarsa da ya shimfiɗa. Guda biyu sun fashe a ƙarƙashin fartanya, ya bi ƙasa yana tsintar ƙwayar kamar kaza. Bushiya na gefe tana ba da umarni kamar ita ce magajin: a ɓare a inuwa, a gauraya da toka saboda ƙwari, a zuba a gora a rataye inda hayaƙi ke bugu. Ta sa shi ya murje busassun kawunan furannin nan ma a tafinsa, ya ga baƙin iri siriri na zubowa, ya ce ashe su ma ba mutuwa suka yi ba.

Ya ce, "Sauran ganyen fa?"

"A bar shi ya ruɓe, shi ne abincin ƙasa baɗi."

"Kuma shi ne gidanki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ban ɓoye ba."

Ya yi dariya da sauran hawaye a fuska, ya ce, "Na ji, na kuma karɓa. Ba za a sa wuta a garkar nan ba muddin ina raye." Ya aika aka gaya wa mata su kafa murhunsu a ƙofar gida. Ranar sadaka baƙi suka leƙa suka ga garka a hargitse, wasu suka yi ƙus-ƙus, Magaji mai gyara dangar mutane ya ji su sarai ya ƙyale su.

Tsummokaran kuwa ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya adana don damina mai zuwa, sai guda ɗaya. Shi ne na can ƙasa, ƙullinsa sako-sako, da ƙyar ya kama, irin na hannun da ƙarfi ya ƙare masa. Da ya ja kaɗan zai warware. Mantau ya ɓare kuɓewar a hankali ta ɗaya gefen ya juye ƙwayar, ya bar ƙullin yadda Iya ta yi shi.