Dalilin da Ya Sa Tsidau Yake Fasa Tayar Keke

Dalilin da ya sa tsidau yake fasa muku taya, ku dawo gida kuna tura keke kuna zaginsa, ba mugunta ba ce. Ciniki ya yi. Ku zauna ku ji, mai abin faɗa kuma ya riƙe abinsa sai na gama.

A da can tsidau ba shi da ƙaya ko ɗaya. Ɗan tsiro ne mai shimfiɗa a ƙasa, da ɗan furensa ruwan ɗorawa wanda bai fi farcen yatsa ba. Amma ƙanshi gare shi. Duk hanyar da ta tashi daga Kwarin Marke ta bi bakin fadama zuwa kasuwar Tungar Bawale, babu abin da ya kama ƙafarsa wajen ƙanshi.

Hanyar nan kuwa, in damina ta kawo kai, ba ta rasa abin kallo. Shamuwa ce ke fara isowa ta sauka kan tsamiya. Ruwan fari na zuba, albasar kwaɗi ta fito da fararen furanninta. Bado ya buɗe a tafki, duman rafi ya malale gaɓa, gauraka ya yi ta rawarsa ba wanda ya roƙe shi. Mutane a lokacin da ƙafa suke tafiya, mai hali ya hau jaki, jaki kuwa kun san bai taɓa gaggawar zuwa ko'ina ba. Kowa yana gani, kowa yana tsayawa.

Al'adar masu bin hanyar ita ce, duk mai zuwa kasuwa sai ya sunkuya ya tsinki reshen tsidau. Namiji ya soke a hula, mace a ɗaurin kallabi. In ya bushe su yar a duk inda suka kai, 'ya'yan su zube can su tsira. Da haka kaɗai tsidau yake yaɗa zuriyarsa. Ba shi da gashin da iska za ta ɗauka irin na tumfafiya, akuya kuma ba ta damu da shi ba.

Ana nan sai wani ɗan kasuwar albasa, Tunau, ya je birni ya dawo da keke. Tun daga ranar bai sake sunkuyawa ba. Ya ɗaure buhu a baya, ya danna ƙararrawa, ya wuce kamar wanda ake kora. Maƙwabcinsa ya gani ya saya. Surukin maƙwabcin ma ya saya, don kada a raina shi. Kafin a ankara hanya ta zama ta masu keke.

Bado bai damu ba, yana cikin ruwa. Shamuwa tana sama. Tsidau ne a tsakiyar turba. Ba mai tsinkarsa, taya kuma tana murƙushe 'ya'yansa tun suna ɗanyu. Damina bayan damina yana raguwa, har ya zama daga shi sai 'yan tsiraru a gindin tsamiya. Ya duba ya ga in aka ƙara haka, sunansa kaɗai zai rage.

Sai ya kai kuka wurin Shamuwa, tunda ita ce mai yawon duniya. Ta saurare shi tana tsaye a kan ƙafa ɗaya, ta ce ita baƙuwa ce, ba ta shiga rikicin 'yan gari. Ya nace, ya ce shawara kawai yake nema, yadda zai sa mutane su riƙa tsayawa.

Ta ce, "Na ga ƙasashe da yawa. Mutumin da ya koyi sauri ba ya tsayawa don abin daɗi. Sai don abin da ya soke shi."

Ta nuna masa Bagaruwa da baki.

Bagaruwa a lokacin ƙaya ce da ita har ta yi mata yawa, amma furenta ba ya ƙanshin komai, ko ƙudan zuma ba ya leƙa ta. Da Tsidau ya faɗi buƙatarsa, ta yi kamar ba ta so. Ta ce ƙaya gadon gidansu ce. Ta ce amma saboda maƙwabtaka za ta ba shi, shi kuma ya ba ta ƙanshinsa. Ya roƙi ta bar masa ko kaɗan ne.

Ta ce, "Ɗan ƙanena, ka taɓa ganin an raba ƙanshi biyu?"

Bai taɓa gani ba, sai ya yarda. Ta tattaro guntayen ƙayoyin da suka karye a gindinta, waɗanda dama shara ce, ta ba shi. Shamuwa ta zama shaida cewa ba komawa. Abin da Tsidau bai tambaya ba shi ne, in mutanen sun tsaya, me za su ce.

Ya raba wa 'ya'yansa ƙayoyin, kowa ya sa a ka. Ya jera su a turba.

Ranar kasuwa ga Tunau tafe da buhun albasa. Taya ta hau ƙaya, ta yi fuus. Ya sauka, ya sunkuya, karo na farko tun da ya sayi keken. Tsidau ya buɗe fure iya ƙarfinsa yana jiran a soke shi a hula. Tunau ya zare ƙayar, ya juya ta a tafin hannu, ya dubi ɗan furen, ya tambaye shi uban wa ya aiko shi. Sauran abin da ya faɗa ba na yara ba ne.

Babu mai facin taya sai a kasuwa, dole ya tura. Da yake tafiyar ƙafa ce, ya ɗaga kai. Ya ga ashe shamuwa ta iso har ta yi sheƙa, bai sani ba. Ya ga bado, ya tsaya kallon gauraka har ya manta da albasa. Sai wani ƙanshi ya buge shi, wanda ya sani tun yana yaro. Ya bi shi da hanci har gindin Bagaruwa.

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe ke ce."

Ya tsinki furenta ya soke a hula. Tsidau yana kallo.

Ranar masu keke da yawa sun isa kasuwa a ƙafa, kowa da furen bagaruwa a ka, kowa yana ba da labarin tsuntsaye, kowa yana tsine wa abu ɗaya.

Da damina ta zo ƙarshe, Tsidau ya koma wurin Bagaruwa ya ce a warware ciniki. Ta ce ya tambayi shaida. Shamuwa tana shirin komawa kudu, ba ta ko sauko ba.

Daga sama ta ce masa, "Tsayawa ka nema. Sun tsaya ko ba su tsaya ba?"

Ya ce sun tsaya.

"'Ya'yanka fa?"

Nan ya haƙura. Domin 'ya'yan sun maƙale a tayoyi, sun je Tungar Bawale, sun wuce har birni, inda hula ba ta taɓa kai su ba. Duk inda aka zare su aka yar, sun tsira.

Shi ya sa har yau babu turbar keke da za ku bi ku rasa tsidau, kuma in kun shinshina furensa ba za ku ji komai ba, ƙanshin yana kan bagaruwa. Shi ke tsayar da ku, shamuwa da bado su sha kallo, shi ya sha zagi. In kuwa kun ji wani yana sa masa albarka, kada ku yi mamaki. Mai faci ne.