Jatau da Ruwan Cikinsa

Dalilin da ya sa wani dutse baƙi ƙirin yake gewaya Rana can tsakanin taurarin Mirrihu da Mushtari, yana tafe yana waiwaye, ni kaɗai na rage da sani a unguwar nan. Amma kun bar ni tsugune, ko tabarma ba wanda ya shimfiɗa mini. To, ku kasa kunne.

Jatau sunansa, kuma a da jawur yake kamar sabuwar tukunya. Duk duwatsun da ke yawo a wannan sarari, shi kaɗai ke da ɗan ruwa a cikinsa, yana ji da shi kamar ransa.

Ana nan sai Inna Rana ta kira gayya. Ta ce, "'Ya'yana, kun warwatsu kamar an zubar da gero. Ku taru ku cure wuri guda, ku ma ku zama duniya."

Mushtari, ƙaton maƙwabcinsu, bai so a kafa masa wata duniya a gefe ba. Ya yafito Jatau.

"Ƙanena, da me ake kwaɓa ƙasar gini?"

"Da ruwa mana, Yaya."

"To, wa ke da ruwa a cikinku?"

Jatau ya dafe ciki.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Mushtari, ya wuce abinsa.

Tun daga nan, ko gaishe shi aka yi, sai Jatau ya ga kamar cikinsa ake leƙe. Ya ce sai ya ji abin da ake ƙulla masa. Ya lallaɓa bayan murhun Inna Rana, ya yi ta birgima a garin gawayi har ya koma baƙi, sannan ya raɓe a gefen taro.

Duwatsu suka yi ta curewa suna wargajewa. Can sai Gwaggo Tsakuwa, babbarsu, ta ce, "Kai, ginin nan ba zai kama ba sai da ruwan Jatau. Maza ku nemo shi!"

"Ai na sani! Munafukai!" in ji Jatau a ransa, ya ranta a na kare.

Da ya ɗan tsaya, da ya ji ƙarashen maganarta: "Mu sa shi a tsakiya, ruwan ya zama koguna, duniyar ta ci sunansa."

Aka bazama ana "Jatau! Jatau!" Har goga kafaɗa wasu suka yi da shi ba su gan shi ba. Shi kuwa ya kauce wa hanyar kowa, ya kama wata karkatacciya. Da aka gaji, gayya ta watse, Mushtari ya miƙe ƙafa.

Shi ya sa har yau Jatau yake can, gawayi ya ratsa shi har ciki, sai da madubin hangen nesa ake ganinsa da ƙyar. Yana tafe yana juyawa don ya ga mai biyo shi, alhali an daɗe da daina nemansa. Ruwan na nan a ƙunshe, ba wanda ya taɓa masa. Ko shi kansa bai taɓa kurɓa ba.