Tukunyar da Ake Kifewa a Tungar Marke

Kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa a nan Tungar Marke, duk ranar ɗora jinka sai an fito da babbar tukunya an kife ta a ƙofar gida. To ku matso ku ji, amma wanda ya katse ni shi zai ƙarasa labarin.

Da can ba haka ake yi ba. Mai gayya a ƙofar gida yake kafa murhu, hayaƙi ya tashi, kowa ya hango daga nesa ya san akwai tuwo. A lokacin akwai wani manomi ana ce masa Nomau, mutum mai sakin hannu, inuwar gidansa ba ta rabuwa da jama'a. In ka tambaye shi abokansa nawa, sai ya ce talatin. Cikin talatin ɗin ba ya lissafa maƙwabcinsa Jatau, don shekara biyu ba sa ga maciji tun da awakin Jatau suka cinye masa rogo.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, jinkar rumbun Nomau ta ruɓe. Ya ɗaura sabuwa a ƙasa, ƙatuwa, wadda sai ƙarti goma ke iya ɗagawa. Ya aika wa abokai cewa gobe da hantsi za a ɗora. Saboda ya sakankance da su, tun da la'asar ya yaye tsohuwar ya bar rumbun a buɗe. A ciki kuwa akwai geron da iyalinsa za su ci har kaka, da irin shuka.

Gari ya waye da hadari a gabas. Matarsa Tabawa ta ga iska za ta hana wuta ci a waje, sai ta yi girkinta a madafa tun da sassafe, ta kwashe a akusa, ta rufe. Ta wanke tukunyar ta kife a ƙofar gida don ta tsane. Ita dai iyakar abin da ta yi ke nan.

Barmo, babban aminin Nomau, shi ya fara isowa. Ya duba babu hayaƙi, ga tukunya a kife. Sai ya dafe ƙugu.

"Nomau, sannu da aiki. Wallahi ƙugun nan tun jiya ya riƙe. Bari in je a ɗan murza mini in dawo."

A hanya duk wanda ya tarar sai ya raɗa masa, "Koma abinka, an kife tukunya." Haka suka dinga zamewa. Wannan ya tuna jakinsa bai sha ruwa ba, wancan ya ce surukarsa ba lafiya, alhali ta shekara uku a kabari.

Nomau bai san abin da ke faruwa ba. Yana tsaye yana kallon hanya, hadari na ƙara duhu. Sai ya ji murya ta bayan danga.

"Kai Nomau, tsayawa za ka yi kana kallon hanya har gero ya tsiro a rumbu?"

Jatau ne, da gwafa a kafaɗa, ya jawo Malam Cindo, tsohon maƙerin da ba a ma gayyata ba. Cikin talatin ɗin nan mutum biyu kacal suka shigo, Tunau da Shekarau. Suka kama jinka su biyar, ta tashi zuwa ƙirji ta tsaya.

"Tabawa," in ji Jatau, "kira mini mai ɗakina, ku zo da taɓare."

Matan suka tokare gefe guda da taɓare, mazan suka tura da gwafa. Jinka ta yi tangal-tangal, ta karkata, sannan ta zauna daram. Ba su ko sauke hannu ba ruwa ya kece.

Nomau ya zube a zaure, yana dariya yana share hawaye. Tabawa ta fara jero akusa, tuwon mutum talatin.

Tunau ya ce, "Ashe akwai tuwo? Ni da na ga tukunya a kife, na ce yau aikin Allah za mu yi."

"Wace tukunya?" in ji Nomau.

Da aka yi masa bayani sai ya dubi mutanen nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo akushin da ya fi nama ya tura gaban Jatau.

"Zancen rogo ya wuce, Jatau."

"Dama rogon naka ɗaci gare shi, awakina kwana biyu suna zawo."

Da ruwa ya ɗauke sai ga Barmo, ƙugu ya saki, don labarin tuwo ya riga ya kai masa. Nomau bai kore shi ba. Ya ba shi wuri, ya ce a kawo masa ƙanzo.

To shi ya sa har wa yau muke kife tukunya ranar ɗora jinka. Wani gidan tuwo na ciki a rufe, wani gidan ko ruwan fura babu, kuma ba mai sani sai jinka ta zauna. Wanda duk ya ga tukunyar ya sa kai ya shigo, ka riƙe shi da kyau, don kai ya zo.