Gemun Akuya

Ke Lantana, ke Shafa'atu, ku cire yatsunku daga ƙwaryar nan! Man shanun da na ajiye don kanku shi kuke lasa kamar ba a ba ku tuwo? Ku dubi gashinku, ya bushe kamar tsintsiya, farce kuwa duk kun cinye da haƙori. Ku zauna nan, kada wadda ta motsa, ku ji dalilin da ya sa akuya take da gemu alhali mace ce.

A da can haɓar Akuya sumul take, ko sili ɗaya babu. Abin da ke damunta shi ne gashin kanta, guntu ne, ba ya kamuwa a kitso. To, sai Saniya ta haihu, aka sa ranar suna. Akuya ta bi gida gida tana cewa ranar nan za a ga gashi har gadon baya.

Ita da ƙawarta Goɗiya suka tafi wurin Inna Ladingo makitsiya. Tsohuwar tana da wani man shanu da take soyawa da hulba, duk inda ya kwana uku a jiki gashi ya tsiro. Ta zuba wa kowace a ƙoƙo, ta ce, "Ku shafa, ku ɗaure, kada ruwa ya taɓa sai bayan kwana uku. Kuma na shafawa ne, ba na ci ba. Ke Akuya, da ke nake."

Akuya ta ce, "Haba Inna, ni yarinya ce?"

Goɗiya ta je gida ta shafa nata a wuya da wutsiya. Akuya kuwa tun a hanya ƙanshi ya dame ta. Ta ce bari ta ɗanɗana ta ji ko Inna ta sa gishiri. Ta lasa. Ta sake lasa don ta tabbatar. Kafin ta isa gida ta tura baki cikin ƙoƙon ta suɗe shi har gindinsa. Ta goge leɓe tsaf, ta manta da haɓa, wadda ta yi sharkaf da mai. Ta ɗaura kallabi a busasshen kai, ta ce ai na ciki ma zai hau sama.

Ranar suna Goɗiya ta shigo tana kaɗa geza, mata suka ɗauki guɗa. Can sai ga Akuya ta doso ƙofar cikin gida tana yanga. Tunkiya da ke tarbar baƙi ta tare ta, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Malam. Maza suna zaure."

"Wane Malam? Ni ce Akuya!"

"Subhanallahi, Malam, da gemunka za ka shiga cikin mata?"

Kafin ta ƙara magana Rago ya fito ya ja ta zaure, ya shimfiɗa mata buzu, ya ce, "Alhamdu lillahi, ga dattijo ya iso. Allah gafarta Malam, a yi mana addu'a." Akuya ta shafa haɓa, ta ji abu buzu-buzu. Ta fizge kallabi don a gane ta, sai ga kai yadda yake tun fil azal. Dariya ta ɓarke, har mai jego ta leƙo.

Da gudu ta koma wurin Inna Ladingo tana kuka. "Inna, ki aske mini!"

Inna ta ce, "Ina man da na ba ki?"

"Kyanwa ce ta..."

"Kyanwar ce ta tsiro miki gemu? Miƙo haɓar."

Ta aske tas. Washegari ya dawo. Ta sake askewa, ya dawo ya fi na jiya. A na uku Inna ta ninke askarta, ta ce, "Je ki, ba na ɓata aska a kan kwaɗayi."

Shi ya sa har yau akuya take yawo da gemu, ita da 'ya'yanta mata duka. Za ku gan ta tana goga haɓa a jikin katanga ko zai fita, bai fita ba, kanta kuma ko kitso ɗaya bai taɓa ɗauka ba.