Ranar da Taya Ta Riga Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Wata rana Zaki ya sa gasar tseren motoci, ya ce wanda ya zo na ɗaya bijimin sa ne ladansa. Kura ta kai motarta garejin Gizo.

Gizo ya ce, "Yaya Kura, notocin ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyinki su ke hana ki gudu. Ga na alminiyam, ba nauyi. Amma a hankali ake ɗaure su."

Kura ta ɗaga ta ji su sakayau. Don murnar ta rage wa mota nauyi, ta zauna ta cinye rago guda. Sannan ta ce, "A hankali? So kake su kwance in rasa sa?" Ta ɗora sifana, ta hau da ƙaton cikinta tana tsalle yadda ta saba yi wa na ƙarfe, har zaren cikin notocin ya cinye, suka daina kamawa.

Gizo ya lallaɓa cikin wilin tayar gaba ya lafe.

Aka busa usur, Kura ta ba mota wuta. A kwanar farko taya ta fice, ta bar Kura cikin kwata, ta gangara ta riga kowa isa gaban Zaki, inda tseren ya ƙare. Gizo ya fito yana tangaɗi, ya kama igiyar bijimin.

Kura ta iso da ɗingishi tana ihu, "Ranka ya daɗe, tayata ce!"

Zaki ya ce, "Wa ya hana ki? Ɗauki tayarki."

Ƙurunƙus kan noti! In ƙarya ce, Gizo ya ɗaura ta.